Zan iya rayuwa da sana'ar fassara ina zaune a gida?

Tambaya: Na gama digiri a fannin Turanci, na yi bautar ƙasa, har yanzu aiki bai samu ba. Ina jin Hausa sosai, kuma nakan fassara wa mutane takardu kyauta. Ina so in mayar da abin sana'a, in riƙa karɓar aiki daga gida. Ta ina zan fara, nawa zan riƙa caja, kuma anya na'ura ba ta riga ta kashe sana'ar ba?

Amsa: Ƙanwata, sana'ar tana nan da ranta, kuma akwai masu riƙe iyali da ita daga cikin ɗakunansu. Sai dai akwai wani abu a tambayarki da nake so mu fara tsayawa a kansa. Kin ambaci digirinki na Turanci, sannan kika ce kina jin Hausa sosai. Yawancin aikin da zai zo hannunki daga Turanci ne zuwa Hausa, wato abin da za ki miƙa a biya ki rubutun Hausa ne. Turanci zai taimaka miki ki gane abin da aka ce, amma Hausa ce hajarki. Jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Da yawanmu mun tashi da ita a baki, amma rabon da wani malami ya gyara mana rubutunta tun muna ƙaramar sakandare, in ma an taɓa yi.

Don haka tun kafin ki nemi aiki a ko'ina, ki zauna da ƙa'idojin rubutun Hausa har su zame miki jiki. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, dole ne su fito a duk inda suke, kuma babu uzuri yanzu: allon rubutu na Gboard yana da Hausa a waya, a kwamfuta kuma akwai Keyman, kyauta ne. Sai raba kalmomi da haɗa su, inda nan ne mutane suka fi faɗuwa. "Yana" a haɗe take, "za ki" a rabe, "shi ne" a rabe, kuma "akan yi" ba ɗaya take da "a kan tebur" ba. Ina jaddada wannan ne saboda kamfanonin fassara na kirki ba sa miƙa aikinki ga mai shi sai wani ya bi shi layi-layi. Ƙa'idar aikin fassara ta ƙasa da ƙasa, ISO 17100, da aka fitar a 2015, wadda da yawansu ke tinƙaho da ita, ta wajabta mutum na biyu ya yi bitar kowace fassara. Wannan mai bitar, abin da idonsa zai fara gani shi ne ƙugiya da rabon kalma. In ya ga sun watse, ba zai ƙara kallon sauran aikin da idon rahama ba, ko da ma'anarki ta fita tsaf.

Ki mallaki ƙamus. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana bayanin Hausa da Hausa, na Roxana Ma Newman na 1990 daga Turanci yake zuwa Hausa, tsohon ƙamusun Bargery na 1934 kuwa har yau babu kamarsa wajen zurfi, kuma ana iya bincika shi a intanet. Amma ƙamus ba ya gudu tare da zamani, shi ya sa nake ce wa kowane sabon mai fassara ya riƙe rediyo da jarida. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake juya labaran duniya zuwa Hausa kullum, ga DW da RFI da gidajen rediyonmu na gida da jaridar Aminiya. Kalmomin da suka saba wa kunnen jama'a, irin su "tsagaita wuta" da "hauhawar farashi" da "sauyin yanayi", su mutane ke ganewa nan take. In kin tarar da kalma ta riga ta zauna, kada ki ƙirƙiro sabuwa don nuna gwaninta.

Tambayar da za ki riƙa yi wa duk wanda ya kawo miki aiki ita ce: wa zai karanta, kuma a ina yake? Baƙo yana ganin Hausa ɗaya ce daga Kumasi har Sudan. Daidaitacciyar Hausa ta ginu a kan karin Kano, kuma ita ce aka fi nema, amma saƙon da za a kai Maraɗi ko Damagaram yana da nasa buƙatu. A Nijar ana rubuta ƴ inda mu a Najeriya muke rubuta 'y, kalmomin aronsu da yawa daga Faransanci suke, kuma lissafin kuɗinsu na baka da dala ake yin sa, dala ɗaya tana daidai da sefa 5. Idan saƙon tallafi ya ce za a ba kowane gida sefa 100 a kan wani abu, mai sauraro a can "dala ashirin" ya sani. Wanda bai san wannan ba zai iya ninka kuɗin sau biyar a kunnen jama'a, ya jawo wa ma'aikatan rabon rigimar da ba su san mafarinta ba. In aikin na Nijar ne kuma ba ki taɓa zama can ba, ki nemi ɗan ƙasar ya duba miki, ki biya shi daga cikin ladanki. Haka kuma ki tuna cewa kaso mai yawa na abin da muke fassarawa ba karanta shi za a yi da ido ba, wani ne zai karanta wa jama'a a bakin asibiti ko a rediyo. Kafin ki miƙa kowane aiki ki karanta shi da ƙarfi. Duk jimlar da numfashinki ya ƙare kafin ta ƙare, ko kika ji ba haka Bahaushe zai faɗa ba, Turanci ne ke kwance a ƙarƙashinta. Ki rushe ta ki sake gini.

Kada ki ce kina fassara komai. Ki zaɓi fanni ɗaya ko biyu ki san su da gaske. Inda aikin Hausa ya fi yawa shi ne lafiya da ayyukan agaji, manhajojin waya da na kwamfuta, takardun bincike da tambayoyin jin ra'ayi, noma, da rubuta abin da aka faɗa a faifan murya ko bidiyo.

Bari in daɗe kaɗan a kan fannin lafiya, don nan ne na fi so ki ji nauyin abin da za ki ɗauka. Akwai takardar da ake kira ta neman amincewa, wadda ake karanta wa mutum kafin a sa shi ko ɗansa cikin gwajin magani ko wani bincike. Ita ce ke gaya masa abin da za a yi, da haɗarin da ke ciki, da cewa yana da ikon ƙi, yana kuma da ikon janyewa duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙorafe-ƙorafen iyayen shi ne ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Raunin da wannan ya bari a zukata yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003. Idan irin wannan takarda ta zo hannunki, ke ce tsakanin likita da uwar da ba ta jin Turanci. Ba a sassauta haɗari don kada mutane su tsorata, ba a ƙara masa gishiri, ba a tsallake jimlar da ta yi wuya. In akwai wurin da ba ki gane ba, ki tambayi mai aikin a rubuce. Tambaya ba ta rage darajar mai fassara. Masu ba da aiki da suka san abin da suke yi sun fi tsoron wanda aka ba shi shafi talatin na likitanci bai yi tambaya ko ɗaya ba. Sau da yawa ma za a ba wani dabam ya mayar da Hausarki zuwa Turanci ba tare da ya ga asalin ba, a gwada a ga ko ma'ana ta kauce.

Fassarar manhaja kuma nata tarkon daban. Za ki ga alamomi irin su %s ko kalma a cikin baka biyu masu lanƙwasa. Gurbi ne da na'ura za ta cike da suna ko adadi, in kika taɓa su manhajar ta lalace. Maɓalli yana da iyakar haruffa, Hausa kuwa takan fi Turanci tsawo. Sannan Turanci yana magana da kowa da kalma ɗaya, mu kuwa sai mun zaɓa tsakanin "ka" da "ki" da "ku", ko mu kauce mu ce "a shigar da lamba". Ki tambaya tun farko wanne suke so, ki tsaya a kansa har ƙarshe.

Neman aikin kansa bai kai yadda ake tsoro ba, haƙuri yake ci. Ki buɗe shafi a ProZ da TranslatorsCafe, inda masu fassara da masu ba da aiki ke haɗuwa a intanet, da kuma LinkedIn, ki rubuta harsunanki da fanninki da manhajojin da kika iya, a gajarce, ba kuskure ko ɗaya. Upwork da Fiverr suna kawo aiki, amma suna cire la'adarsu kuma gasar karya farashi ta yi yawa a can. Kamfanonin fassara, waɗanda dillalai ne tsakaninki da manyan masu aiki, yawanci suna da wurin cike takardar neman shiga a shafukansu. Ki cike da yawa, kada ki zauna jiran ɗaya. Don samun gogewa da abin nunawa, ƙungiyar Translators without Borders, wadda yanzu take ƙarƙashin sunan CLEAR Global kuma ta yi aiki da Hausa da Kanuri a arewa maso gabashin Najeriya, tana karɓar masu aikin sa kai. A gida akwai cibiyar masu fassara da tafintoci ta Najeriya, NITI. Kuma kada ki raina na kusa: malaman jami'a masu bincike a ƙauyuka, ƙungiyoyi masu zaman kansu, asibitoci, maɗaba'u. Waɗanda kika saba yi wa kyauta ma ki sanar da su cikin ladabi cewa yanzu sana'a ce, ki roƙi waɗanda suka ji daɗin aikinki su rubuta miki shaida.

Za a ba ki gwaji. Gwajin da ba a biya bai kamata ya wuce kalma 200 zuwa 300 ba. Wanda ya turo miki shafi biyar ya ce gwaji ne, aikinsa yake rarraba wa mutane a yi masa a banza.

Ki koyi ko da ɗaya daga cikin manhajojin taimakon mai fassara. Ba su ne ke fassarawa ba. Suna yanka rubutu jimla-jimla, suna ajiye duk abin da kika fassara, in jimla makamanciya ta sake zuwa su nuna miki abin da kika ce a baya. Trados da memoQ na kuɗi ne, OmegaT da Matecat kyauta, kuma kamfanoni da yawa za su ba ki shiga tasu. Wanda ya iya ɗaya, sauran ba za su ba shi wuya ba. Ki kuma buɗe kundin kalmominki tun ranar farko, kowane mai aiki da nasa, don kada ki kira abu ɗaya da suna uku a takarda ɗaya.

Yanzu batun kuɗi. Ba zan yanka miki farashi ba, don abin da kamfanin Turai zai biya da dala ko yuro ba shi ne malamin jami'a zai biya da naira ba, kuma darajar naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Abin da zan ba ki shi ne yadda za ki gano ƙasan da ba za ki sauka ƙarƙashinsa ba. Ƙwararren mai fassara yakan yi kalma 2,000 zuwa 2,500 a yini in yana son aiki mai kyau, sabon shiga bai kai haka ba. A ce, misali kawai, kina buƙatar naira 300,000 a wata don ci da haya da data da man janareta ko gyaran sola. A farkon sana'a ba kullum za ki sami aiki ba, ki ƙaddara kwana 10 ne a wata za a biya ki. Kwana 10 sau kalma 2,000 ya ba da kalma 20,000. Ki raba 300,000 da 20,000, kin sami naira 15 a kowace kalma. Duk aikin da ya gaza wannan, ke ce kike biyan mai aikin ba ki sani ba. Ki sa naki alƙaluman a wannan lissafi, sannan ki leƙa ProZ ki ga abin da masu fassarar Hausa ke nema daga waje, ki tambayi na gaba da ke a sana'ar. Za ki ga abin da ake biya daga waje ya fi wannan ƙasan nesa, don haka kada ki kai wa kamfanin waje farashin gida.

Ki yi ciniki a kan adadin kalmomin asalin takardar, don kowa ya san jimillar kuɗin tun kafin a fara. Ki sa mafi ƙarancin abin da kike karɓa, domin takardar kalma 40 ma tana cin lokacin imel da buɗe fayil da rubuta takardar neman biya. Aikin gaggawa da na dare da na ranar hutu yana da ƙari. Takardar da aka ɗauko hotonta da waya, wadda sai kin sake buga ta, ita ma da ƙari. Faifan murya da minti ake lissafa shi, kuma kada gajartarsa ta ruɗe ki: awa ɗaya ta magana mai fita sosai takan ci awa huɗu ko fiye kafin a rubuta ta kawai, ba a zo fassara ba, balle hirar da aka ɗauka a tsakar gida da hayaniyar yara da mutum biyar suna magana lokaci guda. Ki saurari faifan kafin ki faɗi farashi. Abin da na fi jin takaicinsa shi ne sabon shiga ya karya farashi don ya samu shiga, yana cewa daga baya zai ɗaga. Kamfanin da ya rubuta ki a kundinsa da araha, da wuya ya yarda ki hau, kuma kin jawo sauran 'yan'uwanki ƙasa tare da ke.

Kada ki fara aiki sai an rubuta yarjejeniya, ko da a imel ne: adadin kalmomi, farashi, irin kuɗin, ranar miƙawa da ƙarfe nawa da agogon wace ƙasa, da ranar biya. Kamfanoni suna turo takardar odar aiki mai lamba. In ba ta zo ba, ki nema kafin ki taɓa fayil. Yawancinsu suna biya bayan kwana 30 ko 45 ko 60 da karɓar takardar neman biyanki, wasu kuma sai kuɗinki ya kai wani adadi. Ma'ana aikin da kika yi a Janairu yana iya zama abincin Maris, don haka in kina da wata 'yar hanyar samu, koyarwa ko saye da sayarwa, kada ki sake ta a watannin farko. Mutum ɗaya ko ƙaramar ƙungiyar da ba ki sani ba kuwa, ki karɓi kafin alƙalami, rabi ko kusa da haka. Kunya ba ta da wuri a nan, ko da ɗan unguwa ne. Kuɗin waje yawanci ta Payoneer yake zuwa ko ta asusun banki na kuɗin waje. Ki tambayi hanyar biyansu tun a ciniki, ki san wa zai ɗauki cajin turawa. In sana'a ta kankama, ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki sami lambar haraji, don manyan ƙungiyoyi da yawa ba sa biyan wanda ba shi da su.

'Yan damfara suna bin masu fassara sosai. Kafin ki karɓi aikin kamfanin da ba ki sani ba, ki duba sunansa a Blue Board na ProZ, inda masu fassara ke ba kamfanoni maki. Ki duba adireshin imel ɗin da kyau, don akwai masu ɗaukar sunan kamfani na gaske su rubuto daga adireshin Gmail. Wanda ya ce ya turo miki kuɗi fiye da ƙima bisa kuskure, ki mayar masa da ragowar, ɓarawo ne. Wanda ya ce ki biya kuɗin rajista ko na sakin kuɗinki, shi ma haka.

Sai wa'adi. Mai aikin da ke London ko Nairobi ba ruwansa da an ɗauke wuta ko sabis ya tafi. Ki tanadi batirin ajiya, ki riƙe layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, ki riƙa ajiye kwafin aikinki a intanet. In kin ga ba za ki cika alkawari ba, ki faɗa da wuri, tun ana iya neman mafita. Ana yafe jinkirin da aka sanar. Shirun da mutum ya yi har lokaci ya wuce, shi ne ke sa a goge sunansa. Kuma abin da kika gani a takardar mutane amana ce, bayanan marasa lafiya ne, ko shari'a, ko hajar da ba ta fito kasuwa ba. Ba a hira da shi, ba a ɗaukar hotonsa a nuna a WhatsApp.

Na'ura kuma, gaskiya ta canza sana'ar, ba zan ɓoye miki ba. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba. Ƙananan ayyukan da mutum yake so ya gane abin da aka ce kawai, sun tafi. Amma Hausar da ke intanet kaɗan ce in aka gwada da Turanci ko Faransanci, da yawanta ma ba ƙugiya, ba ƙa'ida, kuma daga nan na'urar ta koya. Shi ya sa za ki ga ta rubuta jimla mai santsi wadda ta mayar da mace namiji a tsakiyar sakin layi, ko ta yar da "kada" ta juya hani ya koma umarni, ko ta jera kalmomin Hausa a kan ƙashin Turanci. Irin wannan kuskure ya fi na da haɗari, don ba ya tsikarar ido. Wanda bai iya fassara da kansa ba, ba zai gan shi ba. Saboda haka ki fara koyon yi da hannunki, ki ɗauki labari ko takardar bayanin magani kullum ki fassara ba tare da na'ura ba, ki ba wanda ya fi ki ya tsage miki gaskiya.

Kaso mai yawa na aikin da za a yi miki tayi yanzu gyaran fassarar na'ura ne, har yana da tasa ƙa'idar, ISO 18587 ta 2017. Akwai kuma aikin duba amsoshin da na'ura ke bayarwa da Hausa a ba su maki. Duka halal ne, ki karɓa, amma da ido buɗe. Kamfanoni suna rage farashin gyara bisa zaton na'ura ta yi rabin aikin, zaton da suka ɗauko daga harsunan Turai. Kafin ki amince, ki ce a nuna miki wani yanki na abin da na'urar ta fitar, ki gyara shi kina kallon agogo. In kin ga a awa ɗaya kin gyara ninki biyu na abin da za ki fassara da hannu, ragin ya halatta. In kin ga goge jimloli kike yi kina sake rubutawa, ki tura musu misali uku ko huɗu, ki ce wannan sabuwar fassara ce, cikakken farashi za a biya. Takardar da mai aiki ya ba ki kuma, kada ki zuba ta a manhajar fassara ta kyauta sai da izininsa a rubuce. Yawancin yarjejeniyoyin sirri da za ki sa wa hannu sun haramta hakan ƙarara, kuma ana korar mutane a kansa.